Yadda Ake Gane Sushi Mai Kyau da Gidan da Ya Iya Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin waɗannan tambayoyi daga bakin ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suka fito, waɗanda tafiya ta kai su Dubai ko Kuala Lumpur ko Landan ko Tokyo, aka ajiye musu farantin sushi, suka rasa ta inda za su fara. Wasu kuma a Abuja ko Legas suka gan shi a takardar abincin otal, farashin ya ba su tsoro, suna son su san ko kuɗin zai biya.

Shin sushi ɗanyen kifi ne kawai?

A'a. Ɗanyen kifi da aka yayyanka aka ajiye shi kaɗai, sashimi sunansa. Sushi kuwa shinkafa ce da aka juya da ruwan khal da gishiri da ɗan sukari, sannan a ɗora mata wani abu ko a naɗe ta da shi. Abin da ake ɗorawa yana iya zama ɗanyen kifi, yana iya zama dafaffen jatan lande, ko wainar ƙwai, ko kokwamba. Asalinsa ma dabarar adana kifi ce. A da can ana cusa kifi mai gishiri cikin dafaffiyar shinkafa a bar shi watanni har ya yi tsami, kuma har yau ana yin irinsa a bakin tafkin Biwa, ana ce masa funazushi. Wanda duniya ta sani yanzu, ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kansa, shi ne nigiri. A birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ya bayyana wajen shekarun 1820, kuma ana danganta shi da wani mai sana'a, Hanaya Yohei. Abincin tsaye ne a lokacin, na leburori da masu sauri.

Me ya sa masu sanin abin suke cewa a fara duba shinkafa?

Domin kifi saye ake yi, shinkafa kuwa iyawa ce. Duk mai kuɗi zai iya aika wa dillali ya kawo masa kifin tuna mai tsada. Amma shinkafar, wadda masu sana'ar ke kira shari, ba a sayen ta a shirye, sai an wanke, an dafa, an juya, an riƙe ta a ɗumin da ya dace har zuwa bakin mai ci. Nan ake gane gida.

Ga abin da za ka lura da shi. Na farko ɗumi: kada ta zama mai zafi, kada ta zama mai sanyi, ɗuminta kamar na jikin mutum. In ka ji ta da sanyi da tauri, daga firji ta fito, kuma firji kashe shinkafa yake yi, ƙwayar ta bushe ta koma kamar tsakuwa. Na biyu riƙo. In ka ɗaga curin bai kamata ya wargaje a hannunka ba, amma da ya shiga baki ya kamata ya watse da kansa, ka ji ƙwaya ɗaya-ɗaya. Wanda bai iya ba yakan matse ta har ta zama malmalar tuwo. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don kowa ya san bambancin shinkafar da ta caɓe da wadda ta dahu daidai. Bambancin kawai shi ne ita wannan gajeriyar ƙwaya ce mai ɗan danƙo, irin su Koshihikari, ba doguwa warara irin ta dafa-duka ba.

Na uku ɗanɗano. Tsami da gishiri su fito, zaƙi ya biyo baya a hankali. Gidajen da ke neman rufe aibi sukan zuba sukari har shinkafar ta koma kamar alawa. In kuma ka ga shinkafar ta yi ɗan ja-ja ko ruwan ƙasa, kada ka ɗauka ta lalace. Wasu gidajen Tokyo suna amfani da jan ruwan khal da ake kira akazu, irin na zamanin Edo.

Sai girma. Nigiri loma ɗaya ce. In curin ya yi girman da sai ka gutsura sau biyu, kifin kuma siriri kamar takarda, da shinkafa ake cika maka ciki don a rage kifi.

To kifin fa, ta yaya zan gane mai kyau?

Hanci ne alƙali na farko. Kifin da ya dace a ci ɗanye ba ya ƙarni. Abin da za ka ji bai wuce ɗan ƙamshin ruwan teku ba, ko ma ka ji ba komai. Ƙarni mai ƙarfi, ko wani wari mai hawa kai kamar na fitsari, alamar ka ajiye ne.

Sannan ido. Yankan ya kasance da sheƙi da ɗan damshi, gefensa a miƙe, alamar wuƙa mai kaifi ta wuce sau ɗaya. Gefen da ya bushe ko ya yi duhu yana nuna an yanka tun da daɗewa an jera. Ruwa yana tsatsowa a ƙarƙashinsa kuma alamar an narkar da shi daga ƙanƙara da gaggawa.

Launi kaɗai yana iya yaudara, musamman a tuna. Jan tuna na gaskiya ja ne mai duhu, kuma yana komawa ruwan ƙasa in ya sha iska. Akwai masu busa masa iskar kabon monoksaid don ya riƙe ja mai haske kamar kankana ko da ya kwana biyu. Japan da Tarayyar Turai sun hana wannan, Amurka ta bari. Saboda haka jan da ya yi kyau fiye da kima ba shaida ba ce.

Ashe ba wanda aka kamo yau ne ya fi ba? Na ji an ce daskararre ake ba mu.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kifi da yawa sai ya ɗan huta yake yin daɗi, kamar yadda naman da aka yanka yanzu-yanzu yake da tauri. Babban tuna yakan yi kwanaki a sanyi kafin ɗanɗanonsa ya fito. Tsoffin masu sana'ar Edo ba su da firji, don haka suka ƙware a jiƙa kifi a shoyu, wato ruwan waken soya, ko yi masa gishiri da ruwan khal, ko naɗe shi cikin ganyen teku na kombu. Gidan da yake waɗannan ayyuka ya fi gidan da ke taƙamar "yanzu aka kawo".

Daskarewa kuma kariya ce. Kifin teku yana iya ɗauke da wata tsutsa, anisakis, wadda in ta shiga ciki da rai takan kama bangon tumbi ta jawo murɗa mai tsanani. Gishiri ba ya kashe ta, ruwan khal ba ya kashe ta, wasabi, koren yajin da ake ci da sushi, ma haka. Wuta ko sanyi mai tsanani ne maganinta. Dokar Tarayyar Turai ta ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, ko digiri 35 ƙasa da sifili na awa 15. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar kwana 7 a digiri 20 ƙasa da sifili. Tunan da manyan jiragen kamun kifi ke kawowa ma tun a teku ake daskarar da shi a wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Abin tambaya shi ne yadda aka daskarar da yadda aka narkar, ba ko an daskarar ba.

Zan iya gwadawa a gida da karfasa ko tarwaɗa?

Kada ka kuskura. Kifin kogi da na tafki yana ɗauke da tsutsotsin da ke zama a jikin mutum, kuma firizar gida ba abin dogaro ba ce wajen kashe su. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, wuta ce haƙƙinsu. In kana sha'awar naɗa sushi a gida, yi da kokwamba da fiya da wainar ƙwai da dafaffen jatan lande.

Musulmi zai iya ci? Ina abin lura yake?

Ta ɓangaren kifin, mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi ta halatta dabbobin teku, har da jatan lande da ƙaguwa. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ka ga abokin tafiyarka ɗan Pakistan ko Turkiyya yana tsame wasu abubuwa daga faranti.

Inda matsalar take shi ne kayan haɗi. Girkin Japan yana yawan amfani da sake, wato giyar shinkafa, da kuma mirin, wani ruwa mai zaƙi wanda na asalinsa ke da sinadarin giya kusan kashi 14 cikin 100. Suna shiga wurare da ba za ka zata ba: baƙar miya mai kauri da ake shafa wa kifin unagi, ruwan da mai sushi ke goga wa nigiri da ɗan burushi kafin ya miƙo maka, wainar ƙwai mai zaƙi, wani lokaci ma har cikin shinkafar. Shi kansa shoyu, ruwan waken soya da ake tsomawa, yakan samu ɗan sinadarin giya daga tsimuwar da ake yi masa, shi ya sa wasu kamfanoni ke yin na musamman mai shaidar halal. Hukuncin ɗan abin da ya saura bayan an tafasa, malamai sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, sai mutum ya tambayi malaminsa. Abin da ya rage naka shi ne ka tambayi gidan kai tsaye ko akwai mirin ko sake a shinkafa da miya.

A Malesiya da Indonesiya da Daular Larabawa abin da sauƙi, akwai gidajen sushi masu takardar halal. A Japan sai an nema, ko da yake Tokyo da Osaka suna da su. Ka kuma lura cewa gidajen sushi masu araha a can sukan ɗora naman alade a kan wasu curin, don haka ba duk abin da ya wuce ta gabanka ba ne kifi.

Na shiga sabon gida. Me zan fara nema don in gwada su?

Nemi abu mara ado. Nigiri biyu na jan tuna, wanda ake ce wa akami, da naɗin kokwamba ɗaya. Babu miyar da za ta ɓoye komai a nan. A naɗin kokwamba za ka ji shinkafar sosai, ka kuma ji nori, baƙin ganyen tekun da ake naɗi da shi. Nori mai kyau yana ƙaras-ƙaras yana ƙamshin gashi. In ya yi laushi yana jan haƙori kamar roba, naɗin ya daɗe a ajiye.

Japanawa masu sanin abin sukan gwada gida da wainar ƙwai, ko da kohada, wani ɗan kifi mai fatar azurfa da ake yi wa gishiri da ruwan khal. Dukansu kayan araha ne, aikin hannu ne kaɗai ke fitar da su. In waɗannan sun yi, ci gaba. In ba su yi ba, biya ka tashi, ka yi asarar kaɗan.

Akwai alamun da zan gani tun kafin in zauna?

Ka yi yadda kake yi wa mai tsire. Ba ka sayen nama a wurin da tukuba ta yi sanyi, nama ya yi yini yana kallon hanya. Wurin da mutane ke shiga suna fita, nan kaya ke ƙarewa ana kawo sabo. Haka gidan sushi. Gidan da ba kowa a daren Juma'a ko Asabar, ka tambayi kanka yaushe aka yanka kifin da ke cikin gilashin nan.

Da ka buɗe ƙofa, shaƙi iska. Ƙamshin ruwan khal da shinkafa ya kamata ka ji. In ƙarni ya tare ka, ko turaren feshi mai ƙarfi, juya.

Dubi takardar abincin. Gidan da ke sayar da sushi da fiza da shawarma da biriyani duk a kicin ɗaya, da wuya ya ba shinkafar sushi kulawar da take so. Gajeriyar takarda, ko allo da ake rubuta kifin ranar, alama ce mai kyau, don kifi yana da lokacinsa: buri da hunturu yake ƙiba, katsuo kuma da bazara da kaka ake nemansa.

In da kanta a gaban mai yin sushin, zauna can. Kalli katakonsa da tsummansa, kalli ko yana goge wuƙa bayan kowane yanka, ko yana taɓa waya ko kuɗi ya koma kan shinkafa. Sannan ka tambaye shi daga ina kifin yake, wace rana ake kawowa. Wanda ya san aikinsa yana jin daɗin wannan tambaya, har ya fi ka zance. Na taɓa yi wa wani ma'aikaci ita a wani gida mai fitilu da kiɗa, ya ce min "daga teku", ya wuce abinsa. Shayi na sha na fita.

In dogara da taurarin da mutane ke bayarwa a intanet?

Da rabi. A Google Maps mutane da yawa kujeru da hasken ɗaukar hoto suke yaba wa. Bar adadin taurarin, buɗe hotunan da masu ci suka ɗauka da kansu, ka dubi girman curin da gefen kifin. Karanta ƙorafe-ƙorafen baya-bayan nan. Mai cewa an daɗe ba a kawo masa abinci ba, wannan ba komai. Mutum biyu ko uku da suka ambaci ciwon ciki, wannan magana ce.

A Japan, shafin Tabelog na ba gidajen abinci maki suke amfani da shi, kuma Japanawa suna da rowar maki, gidan da ya kai 3.5 gida ne na kirki. Littafin Michelin kuwa, mai ba fitattun gidajen abinci taurari, bai ƙunshi kowa ba. Gidan sushi na Sukiyabashi Jiro da ke unguwar Ginza a Tokyo, mai kujeru 10, inda Firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Barack Obama a Afrilun 2014, an cire shi daga littafin a 2019, ba don abincin ya lalace ba, sai don ya daina karɓar ajiyar wuri daga jama'a. A wajen Japan, hanyar da ta fi ita ce ka gano inda Japanawan garin ke ci, ma'aikatan ofishin jakadanci ko na kamfanoni.

Tsada tana nufin kyau?

Araha mai yawa tana nufin haɗari, wannan tabbas ne, musamman gidajen "ci iya cinka" a garin da ke nesa da teku. Amma tsada ba ta tabbatar da komai. Kuɗin da kake ji a labarai yawanci talla ne: a gwanjon farkon shekarar 2019 a kasuwar kifi ta Toyosu da ke Tokyo, wadda ta gaji Tsukiji a Oktoban 2018, Kiyoshi Kimura, mai kamfanin gidajen sushi, ya biya yen miliyan 333.6 a kan tuna ɗaya mai kilo 278. Sunan kamfaninsa ya saya a jaridu.

A ɗaya gefen akwai kaiten, gidajen da faranti ke zagayawa a kan bel, dabarar da Yoshiaki Shiraishi ya fara a yankin Osaka a 1958. A Japan suna da araha kuma da yawansu ba laifi. Dabarar ci a can ita ce ka yi oda a yi maka sabo, ka bar farantin da ya sha zagaye. In kuma aljihu ya yarda, akwai omakase, wato ka bar wa mai gida zaɓi ya riƙa miƙo maka ɗaya bayan ɗaya. Tambayi farashi tun kafin ka zauna, kuma ka je da rana, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da gaske ne ana sauya sunan kifi?

Ana yi. Ƙungiyar kare teku ta Oceana ta fitar da bincike a Amurka a 2013, ta gano kashi 74 cikin 100 na kifin da ta gwada daga gidajen sushi ba shi ne abin da aka rubuta ba. Mafi muni shi ne abin da ake kira farin tuna, wanda galibinsa eskola ne, kifi mai wani mai da ciki ba ya narkarwa, yana jawo gudawa mai maiƙo. Japan ta hana sayar da shi. In ka ga yanka fari fat mai santsi kamar man shanu an ce tuna ne, bar shi. Ƙaguwar da ke cikin naɗi ma yawanci niƙaƙƙen farin kifi ne da aka yi wa launi. Wannan ba cuta ba ne, in dai ba a caje ka kuɗin ƙaguwa ba.

Koren abin nan mai hawa hanci, da cittar da ke gefe, mene ne aikinsu?

Wasabi na gaskiya saiwa ce da ke girma a ruwan dutse mai sanyi a Shizuoka da Nagano, ana goga ta a gabanka, yajinta ya taso ya wuce nan da nan. Tana da tsada, don haka abin da yawancin gidaje ke bayarwa wata saiwa ce daban da aka haɗa da mastad da koren launi. Wannan kaɗai bai isa a kushe gida ba. Cittar kuwa, gari sunanta, ba ta da alaƙa da garin rogo. Tsakanin kifi da kifi ake cin ta don wanke baki, ba a ɗora ta a kan sushi.

Naɗin nan masu mayonis da fiya, na bogi ne?

Ba na Tokyo ba ne, amma ci abinka. Naɗin Kalifoniya a Arewacin Amurka aka ƙirƙire shi. Ko salmon da kowa ke ɗauka na gargajiya ne, 'yan Norway ne suka tallata wa Japanawa cin sa ɗanye tun daga tsakiyar shekarun 1980. Abin da nake ƙi shi ne naɗin da aka daka kifi aka cakuɗa da yaji da mayonis, don nan ragowar jiya ke samun mafaka.

A Abuja ko Legas ko Akara fa?

Tambaya ɗaya ta fi kowace: sanyin ya taɓa yankewa? Salmon daga waje yake zuwa, ya bi jirgi, ya bi mota, ya shiga firizar da ke jiran janareta in an ɗauke wuta. Zaɓi gidan da ka san wutarsa ba ta yankewa kuma yana da ciniki, tambayi ranar da kaya ke sauka ka je a ranar ko washegari. Kada ka yi odar ɗanyen kifi a kawo maka a babur cikin zafin Maris. In zuciyarka ba ta kwanta ba, dafaffun suna nan.

Wa ya kamata ya haƙura?

Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi masu rauni, da wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, su tsaya ga dafaffe. Ga kowa kuma, in ka ci tuna ko kifin saba ka ji bakinka yana tsatstsafa kamar ka tauna barkono, fuska ta yi ja, kai ya sara, daina ci. Alamar kifin ya sha zafi a hanya ce har ya tara sinadarin histamin, wanda ko dafawa ba ta kawar da shi. In numfashi ya fara wahala, ko ciki ya murɗa sosai bayan 'yan awoyi, asibiti kai tsaye, ka gaya wa likita abin da ka ci.

Dole sai da tsinken nan biyu? Ban iya ba.

Nigiri da hannu ake cin sa tun asali, kuma ko a manyan gidajen Ginza ba wanda zai kalle ka. Goge hannu da ɗan tawul ɗin da za a kawo, ɗauki curin da yatsu uku, karkata shi yadda kifin ne zai taɓa shoyu ba shinkafar ba, don ita tana shan ruwa ta wargaje. In mai sushin ya riga ya goga masa miya, kada ka ƙara tsomawa. Sa shi a baki gaba ɗaya da zarar an ajiye, kafin shinkafar ta huce. Sashimi ne kaɗai ke buƙatar tsinke, kuma in ya gagara, nemi cokali mai yatsu. In a Japan kake, kada ka bar wa ma'aikaci tukuici a kan tebur, zai biyo ka waje da kuɗinka.